Wahalar da na sha kafin Maigadi ya zauna a Windows, FreeBSD da Mac

Abin ya samo asali ne daga ranar da sabar ofishin Kawu ta tsaya cak ana tsaka da loda wa wata mota wake. Ba a iya buga rasit, ba a iya duba wa ake bi wa ya biya, direba sai danna hon yake a waje, ni kuma a lokacin ina Ikeja cikin Computer Village ina canza wa wani sikirin ɗin laftof. Kafin in samu mota in kutsa cikin goslo in iso Agege an kusa cin awa biyu, da na zo na duba kuma ba wani abin kirki ba ne, diski ne ya cika maƙil da tsofaffin bakof, wanda ni da hannuna na saita ake ajiyewa kullum amma ban saita mai goge na baya ba. Minti biyar na gyara, sai dai kallon da Kawu ya yi min ya fi goslon nan ciwo. A daren nace ba zan ƙara bari inji ya mutu min ba tare da na ji nishinsa tun yana jinya ba.

Sai na zauna na rubuta wata 'yar manhaja na sa mata suna Maigadi. Aikinsa ba yawa, duk daƙiƙa 30 zai leƙa furosesa ya ga nawa yake aiki, ya leƙa memori, diski, netwok, da tun yaushe injin yake kunne, sai ya tura wa wata 'yar saba da nake haya a intanet, ita kuma in ta ga abu ya wuce gona da iri ko ta ji shiru daga wani inji sai ta turo saƙo ta Telegram, da Hausa. Na san akwai manhajojin da suka riga suna wannan gadin, akwai Zabbix akwai Nagios akwai Prometheus, kada wani ya zo yana tuna min, duk na taɓa su. Amma inji shida ne fa ba dubu ba, kuma ina so saƙon ya zo da yaren da Kawu zai karanta ya gane ba sai ya kira ni ba, sannan in za a faɗi gaskiya akwai taurin kai a ciki, so nake in ga abin da ke ƙarƙashin murfin da idona.

A Linux, wato babbar manhajar da sabar Kawu ke tafiya da ita, abin bai ba ni wahala ba, shi yasa ma na ruɗi kaina. Akwai wata folda /proc, ba a kan diski take ba, kanel ne, wato zuciyar manhajar da ke tafi da injin, yake ƙirƙiro abin da ke ciki a daidai lokacin da ka buɗe. Kana son memori ka karanta /proc/meminfo, netwok /proc/net/dev, duk rubutu ne ƙarara da ko yaro zai iya karantawa. Furosesa kuma layin farko na /proc/stat, lambobi ne a jere, kowace tana faɗin lokacin da ya ɓata a wani irin aiki tun da aka kunna injin, ta huɗu ita ce ta zaman banza. Tunda tarawa suke yi kaman mitar wuta, dole ka karanta sau biyu ka cire na farko daga na biyu kafin ka san abin da ya faru tsakani. Kuskure ɗaya na yi a nan, na ɗauki layin MemFree a matsayin memorin da ya rage, sai Maigadi ya dinga ihu wai saba ta cika alhali lafiyarta lau. Ashe Linux ba ya son ganin memori a zaune, sai ya cika shi da fayilolin da aka karanta kwanan nan, in wani aiki ya nema ya sakar masa. Layin da ya dace shi ne MemAvailable, wanda aka ƙara tun kanel 3.14 a 2014. Na canza kalma ɗaya aka wuce wajen.

Wata biyu yana aiki, sau ɗaya ma ya kama diskin yana shirin maimaita halinsa. Nan Kawu ya ji daɗi, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci yace, "To injiniya, na kashiya fa? Na Mile 12 fa? Ai gadi ba a yi wa ɗaki ɗaya a bar sauran gida." Injiniya yake ce min in yana so ya ɗora min aiki, in ya ji haushi kuma in koma yaro. Na lissafa, a Agege ban da sabar akwai kwamfutar kashiya mai Windows 10, akwai akwatin da ke raba intanet mai manhajar pfSense, wadda aka gina kan FreeBSD, akwai MacBook ɗin 'yarsa da ke riƙe da lissafi, a sito na Mile 12 kuma akwai wata tsohuwa mai Windows 7 da ɗan Raspberry Pi, wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta, da na haɗa don ya riƙe hanyar VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta intanet, tsakanin sito da ofis. Nace Kawu sati ɗaya ya isa. Wata uku na yi, da daddare bayan na dawo daga shago.

Abu na farko sai da na sake rubuta shi gaba ɗaya, don na farkon da bash, yaren ba da umarni na Linux, na yi shi kuma bash ba zai bi ni Windows ba. Na zaɓi yaren rubuta manhaja mai suna Go saboda yana ba ka fayil guda ɗaya da za ka ɗauka a filash ka kai ko'ina, kuma daga laftof ɗina mai Linux zan iya rubuta GOOS=windows ko GOOS=freebsd ya harhaɗo min na can ba tare da na tashi daga kujera ba. Yana da wata dabara mai daɗi kuma, in ka sa wa fayil suna cpu_linux.go ko cpu_windows.go shi da kansa zai ɗauki wanda ya dace ya bar sauran. Sai na raba aikin biyu, ɓangaren da ke tura saƙo da ƙirga lokaci ɗaya ne ga kowa, ɓangaren da ke tambayar inji lafiyarsa kuma kowane da nasa.

Raspberry Pi bai ɗauki yini ba tunda shi ma Linux ne, irin furosesansa kawai na faɗa wa Go da GOARCH=arm. Na ƙara masa awon zafi saboda rufin kwanon siton nan da rana sai wanda ya shiga, lambar tana /sys/class/thermal, in ka ga 62000 to digiri 62 ke nan, ka raba da 1000. Matsalarsa ɗaya ba shi da agogo mai batir a jikinsa, in aka ɗauke wuta ya mutu ya dawo sai ya tashi da tsohon lokaci har sai ya samu intanet ya gyara, rahotonsa ya dinga faɗawa cikin jiya. Na daina yarda da agogonsa, sabar da ke karɓa ita ke buga lokaci.

Windows ce ta cinye fiye da rabin wata ukun. Babu /proc, babu wani fayil da za ka buɗe ka karanta, sai dai ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaya. Da farko na bi ta hanyar rago, duk daƙiƙa 30 in tada PowerShell, manhajar ba da umarni ta Windows, ya tambayi WMI, sashen da ke ba da bayanan inji, ya kawo min amsa. Ya yi aiki kam, amma kwana biyu kashiya ya fara ƙorafin kwamfuta tana shaƙewa in yana buga rasit, na duba na ga Maigadin da aka kawo ya tsare gida shi ke cinye tuwon gidan. Dole na sauko na dinga kiran ayyukan da ke cikin kernel32.dll, fayil ɗin da ke ɗauke da ayyukan Windows na asali, kai tsaye. Memori da GlobalMemoryStatusEx, diski da GetDiskFreeSpaceEx, waɗannan ba su yi gardama ba.

Furosesa ne ya kusa sa in yi kuka. Akwai GetSystemTimes, yana ba ka lambobi uku, lokacin zaman banza, lokacin kanel, lokacin manhajojin mai amfani. Na yi lissafi irin na Linux, na tara ukun na ce wannan ne jimla, na kanel da na mai amfani su ne aiki. Sai ga kwamfutar da ba a taɓa ko linzaminta ba tana nuna kashi 50, in buɗe Task Manager in ga kashi 2 ko 3. Na sake kunnawa, 50. Na gwada a wata Windows da na girka cikin VirtualBox, manhajar da ke tada kwamfuta cikin kwamfuta, 50 ɗin dai. Dare biyu ina zargin yadda nake haɗa rabi-rabin lambar, don a gida biyu take zuwa kuma awonta nanosakan 100-100 ne, ashe ba nan take ba. Da na koma na karanta bayanin aikin a tsanake, ba irin karatun da nake yi ina duba waya ba, sai ga shi a rubuce ƙarara, lokacin kanel ya haɗa da na zaman banza a cikinsa. Ka ga in inji yana zaune, zaman banzan nan na ƙirga shi sau biyu, sau ɗaya da sunansa sau ɗaya da sunan aiki, rabi da rabi, shi ne 50 ɗin da ba ta motsi. Alamar cirewa guda ɗaya ta gyara shi.

Na ɗauka an gama, ashe ko tsakar gida ba a shiga ba. Ina so ya tashi da kansa in an kunna kwamfuta, a Linux 'yan layuka ne ka rubuta wa systemd, mai tada manhajoji, shikenan. A Windows na yi masa rajista a matsayin sabis, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, na danna ya tashi, ya yi jim ya jefo min kuskure mai lamba 1053. Ita Windows ba ta yarda kawai ka tashi ka kama aiki ba, sai ka amsa wa mai kula da sabis-sabis cewa ga ni na tashi, kuma ka ci gaba da sauraronsa in yace tsaya ka tsaya, in ya jira daƙiƙa 30 bai ji ka ba ya ɗauka ka mutu. Na gyara wannan sai ya tashi ya ce bai ga fayil ɗin saitinsa ba, alhali ga shi nan kusa da shi a folda ɗaya. Ashe sabis daga C:\Windows\System32 yake farawa, can yake laluben fayil ɗin.

Wanda ya fi ban dariya a Mile 12 ya faru. Na yi sammako na bi ta Ojota na isa ana sauke tumatir da attaruhu daga manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, ko wajen taka ƙafa babu, na kutsa na shiga sito. Kwamfutar nan Windows 7 ce mai bit 32, an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020 amma Kawu yace ba za a taɓa ta ba tunda tsohuwar firintar rasit da ita kaɗai take shiri. Na sa filash na kunna Maigadi, ko gaisuwa bai yi ba ya faɗi. A tsaye a wajen da datar wayata na gano Go 1.20 shi ne na ƙarshe da ke tafiya da Windows 7, daga 1.21 sai Windows 10 zuwa sama, ni kuma da sabo na harhaɗa. Na zauna kan buhun gero na sauke tsohon, na sake harhaɗawa da GOARCH=386, ya tashi. Sai na buɗe Notepad in rubuta sunan injin a fayil ɗin saiti, na sa "Ɗakin ajiya", kuma don kada Ɗ ɗin nan mai ƙugiya ta lalace na zaɓi UTF-8, tsarin adana rubutu da ya san irin waɗannan haruffa, wajen adanawa. Maigadi ya ƙi karanta fayil ɗin, wai ya ga baƙon harafi tun a farkon layi. Na ƙura ido babu komai. Ashe tsohon Notepad in ka ce masa UTF-8 sai ya liƙa wasu bayit uku a gaba, EF BB BF, ido ba ya ganinsu amma mai karanta JSON na Go, wato tsarin da na rubuta fayil ɗin saitin da shi, ba ya yafe su. Wato son rubuta Hausa daidai ne ya ja min awa ɗaya cikin warin albasa. Yanzu Maigadi yana duba ukun nan ya zubar kafin ya fara karatu.

Akwai kuma ranar da jadawali ya nuna wai sito ya sha data da duk kasuwar ba za ta iya sha ba cikin daƙiƙa 30. Tsohon aikin da na kira, GetIfTable, ma'ajin ƙirgensa bit 32 ne, da ya kai giga 4 sai ya koma sifili kaman mitar tsohuwar mota, ni kuma ina cire babba daga ƙarami lissafi ya haukace. GetIfTable2 mai bit 64 ne, na koma kansa.

Amma abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne na yaron da ke kashiya a Agege. Kawu ya buɗe shafin ya ga an rubuta kwamfutar kashiya kwana 23 a kunne, ya kira yaron gaban mutane, "Kai yaro, ashe kai kake kashe min batirin inbata? Kwana ashirin da uku ba ka kashe na'ura ba?" Yaron yace wallahi Alhaji kullum sai na kashe kafin in rufe, Kawu yace to na'ura ce za ta yi maka ƙarya? Ni ina gefe na yi shiru don a lokacin na fi yarda da lambata. Da daddare abin ya dame ni na bincika, yaron ne mai gaskiya. Tun daga Windows 8 akwai abin da suke kira Fast Startup, in ka danna kashewa ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana ajiye kanel ɗin a diski ne don gobe ta tashi da sauri, shi yasa ƙirgen yake ɗorawa daga inda ya tsaya, sai ka danna Restart yake komawa sifili. Washegari na je nace Kawu laifina ne ba nasa ba, a gaban waɗanda aka yi faɗan a gabansu, na kuma saya wa yaron tsire da yamma. Yanzu awannin da inji ya yi a kunne daga rahoton da ya turo nake ƙirga su, in ya yi shiru daga ƙarfe 8 na dare zuwa safiya to a kashe yake, ko me Windows ta ce.

Wani gurbi kuma na bar shi fayau da gangan. Linux da FreeBSD da Mac duk suna da lambobin nan uku na nauyin aiki, na minti 1 da 5 da 15, Windows ba ta da su. Na ga masu ƙirƙiro mata daga tsawon layin ayyukan da ke jiran furosesa, na gwada, daga baya na cire na sa ɗan layi kawai a wajen. Bayan abin da ya faru da yaron nan ba na son in ƙara ajiye lambar da ba zan iya rantsuwa a kanta ba, kuma in na sa sifili Kawu zai karanta shi a matsayin lafiya lau.

FreeBSD, wanda shi ne ke ƙarƙashin pfSense, na shige shi da gadara. Nace ai shi da Linux 'yan gida ɗaya ne, ls ɗaya ssh ɗaya. Na shiga na nemi /proc na tarar babu komai ciki, su ta wani umarni mai suna sysctl suke ba da labari. Na furosesa sunansa kern.cp_time, lambobi biyar, kuma ba rubutu ba ne in ka kira daga cikin manhaja, ɗanyen bayit ne sai ka yanka takwas-takwas da kanka. Na yanka, na kwafo lissafin Linux na liƙa, na girka da yamma na tafi gida. Ƙarfe biyu na dare waya ta tashe ni, Kawu ne, "Injiniya lafiya? Abin nan naka sai ƙara yake wai akwatin intanet ya kai 99, ko wuta ce ta kama?" A Linux ta huɗu ce zaman banza, a FreeBSD ta huɗu ta katsalandan ɗin na'urori ce, zaman banza ita ce ta biyar. Na ɗauki lambar da kusan ba ta motsi na ce ita ce hutun injin, sai ya zama kaman bai taɓa hutawa ba. Daga ranar na kafa wa kaina doka, sabon inji sai ya yi kwana uku yana turo min ni kaɗai kafin in haɗa shi da wayar Kawu. Sunayen katin netwok ma daban, babu eth0, sai igb0 da re0 da lo0, kowanne da sunan direbansa. Tashi da kansa kuma ɗan rubutu ne mai ƙarewa da .sh a /usr/local/etc/rc.d, wannan bai ja magana ba.

Sai Mac. Mai ita 'yar Kawu ce, taubashiyata, kun san abin da hakan ke nufi, ba a fara maganar ba sai da ta kira ni injiniyan bola. Matsalar ita ce aikin da ke ba da lissafin memori a can, host_statistics64, ta yaren C ake kiransa, da zarar ka sa C cikin Go kuma daɗin nan na harhaɗawa daga laftof ɗina ya ƙare, sai a kan Mac ɗin kanta. Ta ba ni awa ɗaya bayan la'asar, tana tsaye a kaina. Tace, "Tsaya tukuna malam, me abin nan zai dinga turawa? In hotunana ne wallahi sai na haɗa ka da Baba." Tambaya ce mai kyau fa, ba wanda ya yi min ita cikin su duka. Na buɗe mata saƙon da yake fita ta gani da idonta, lambobi ne bakwai da sunan inji, babu sunan fayil babu abin da take buɗewa.

Na girka ta launchd, mai tada manhajoji a Mac, da fayil ɗin saitinsa na plist, ya tashi, ya nuna memori kashi 20 kacal ake amfani da shi. Tace ƙarya ne, kwamfutar da tun safe take jan ƙafa da shafuka talatin a buɗe? Ta buɗe Activity Monitor, ya kusa cika. Mac ba bayit take ba ka ba, shafi-shafi take ƙirgawa, wato yanki-yanki na memori, ni kuma na rubuta 4096 a cikin kod ɗin da hannuna don duk injin da na taɓa taɓawa shafinsa kilobayit 4 ne. Tata mai M1 ce, irin waɗanda suka fara fitowa a 2020, shafinsu kilobayit 16, wato kashi ɗaya cikin huɗu nake nunawa. Maganin shi ne ka tambayi injin girman shafinsa ka daina zato. Ta yi min dariya har ta zauna. Daga baya kuma duk sanda ta rufe murfi ta shiga mota sai saƙo ya zo wai Mac ta mutu, dole na cire ta daga cikin waɗanda ake yi wa kukan shiru, diski kawai ake duba mata.

Da duka shidan suka hau shafi ɗaya sai wata sabuwa ta ɓullo. Kawu ya zauna yana kallo yace akwatin intanet memorinsa 85, saba 40, to wa za a saya wa ƙari? Na fara kame-kame, don na san 85 ɗin can ba irin 40 ɗin nan ba ce. Akwatin da ZFS aka girka shi, wani tsarin ajiye fayiloli a diski, ZFS kuma yana riƙe ma'ajiyarsa ta ARC cikin memorin da FreeBSD ke lissafawa a matsayin ƙullalle, alhali in aka matsa zai saki mai yawa. Mac tana matse wani memorin ta ajiye a dunƙule. Linux yana da nasa lissafin, Windows nata. Ina ta zuba, sai ya ɗaga min hannu yace, "Yaro, kana nufin kowa da mudunsa. In na sayi wake a Dawanau da tiya na kawo nan ana auna min da derika da robar fenti, ai ba na cewa goma a can goma ce a nan. Ka mayar min da su buhu." Shekara da shekaru yana wannan lissafin a ka, ni na kwana uku ina neman yadda zan faɗe shi.

Sai na koma na daina kwafo abin da kowane inji ya kira "wanda ake amfani da shi". Na tsayar da tambaya ɗaya, in sabon aiki ya zo yanzun nan memori nawa zai samu ba tare da inji ya fara nishi ba? Linux ya amsa da MemAvailable, Windows da ullAvailPhys, a FreeBSD na tara wanda ke zaune da wanda aka daɗe ba a taɓa ba da abin da ARC zai iya saki, a Mac ma na yi kwatankwacin haka. Biyun ƙarshen kintace ne, kuma na rubuta hakan a cikin kod ɗin da manyan baƙaƙe don kada wata rana in manta in rantse a kansu. Da aka auna da wannan buhun akwatin intanet ya sauko ƙasa da rabi, wadda take buƙatar ƙari ashe tsohuwar Mile 12 ce mai giga 2. Na samo mata a Computer Village wajen wani abokina da ke tara na tsofaffin injuna. A wannan matakin ne kuma na zauna na karanta kod ɗin gopsutil, laburaren Go da ya riga ya yi duk wannan aikin, na ga ramukan da na faɗa kusan duk an riga an cike su a can. Wanda ke sauri ya ɗauke shi kawai, ni dai na riga na biya kuɗin makaranta.

Satin da ya wuce saƙo ya shigo da hantsi, diskin Ɗakin ajiya ya kai kashi 90, da Ɗ ɗinsa mai ƙugiya daram. Na je na tarar da wata folda mai suna New folder cike da wa'azi da wasannin ƙwallo da yaran sito ke turawa daga waya, na kwashe musu a filash na ba su abinsu ban kai ƙara ba. Ina dawowa Agege Kawu ya tare ni a bakin ƙofa yace, "Injiniya, inbatar fa? Ita ba ta da lafiyar da za a duba?" Ita ba ta da Windows ba ta da Linux, ba inda zan girka komai, sai wata 'yar ƙofar jona kebul ta RS232 a bayanta, ke nan wani injin ne zai dinga tambayarta ta waya yana kawo labari. Na riga na sayo kebul ɗin yana cikin jakata, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zauna da ita in ji da wane yare take magana.